Iyakokin da Joji da Safiyo Suka Shata a Wajen Kano Har Yau Ba Su Goge Ba

A Kano, idan mutum ya ce maka a cikin gari yake ko a waje yake, ba sai ya ƙara bayani ba. Cikin gari shi ne abin da badala ta kewaye. Waje kuwa kashi-kashi ne. Fagge waje ce, Sabon Gari waje ce, haka Nassarawa da Bompai da Tudun Wada da Gwagwarwa, amma kowacce akwai dalilin da ya sa aka ajiye ta inda take, da irin mutanen da aka yarda su zauna a cikinta, da kotun da aka ɗora wa yi musu shari'a. Mafi yawan wannan rabo an yi shi ne a cikin shekaru goma sha huɗu, daga 1903 zuwa 1917, a kan takardun da talakan Kano bai taɓa gani ba. A ganina, rigingimun fili da dama da ake fama da su a wajen Kano, da ma yadda mazauna unguwannin ke kallon juna, daga waɗannan takardu suka samo tushe, kuma lokaci ya yi da gwamnati za ta fito da su kowa ya gani.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland ta shiga Kano lokacin da Sarki Alu yake kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. A cikin shekarar Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya tabbatar da Muhammadu Abbas a kan karaga. Lugga da kansa ya bayyana ganuwar da ya tarar: kewayenta kimanin mil 11, ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50 a wasu wurare. Turawa ba su zauna a cikinta ba. Sun sauka a gabas da birni, wajen gidan Sarki na Nassarawa, suka kafa barikin soja a Bompai, kuma a Nassarawan ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909. Tun daga nan garin ya zama yana da cibiya biyu, fada a ciki, ofishin Razdan, wato Baturen da ke mulkin lardi, a waje, da filin noma da kiwo a tsakaninsu.

Kafin wannan lokaci Kano ta san baƙi, kuma tana da hanyar saukar su. Sunayen unguwannin cikin gari sun isa shaida. Ayagi ta Yarabawa ce, Tudun Nufawa sunanta ya faɗi masu ita, haka Zangon Barebari da Agadasawa, sai Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna tun ana kiran su Turawa. Baƙo yana sauka hannun fatoma, ya biya la'ada, ya yi ciniki a Kurmi, in zama ya yi daɗi ya nemi fili wajen mai unguwa, ya yi aure, jikokinsa su tashi Kanawa. Ba a ce babu bambanci ko wariya a wancan zamani ba, amma ƙofar zama ɗan gari a buɗe take. Tsarin da ya zo bayan 1903 shi ne ya rufe wannan ƙofa da doka, ya ware wa baƙo wuri inda zai haifi 'ya'ya da jikoki yana nan a matsayin baƙo.

Jirgin ƙasa ne ya tilasta yin tsarin. Layin dogo daga Baro ya iso Kano a 1911. Masu mulki auduga suka sa wa rai, manoma kuwa suka juya ga gyaɗa: abin da Najeriya ta fitar ya tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Kamfanonin Turawa suka nemi filayen kanti da sito kusa da tasha. Su da gwamnati suna bukatar akawuna da masu buga waya da kafintoci da ma'aikatan reluwe, kuma a lokacin irin waɗannan daga Legas da ƙasar Yarabawa da Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ake samun su. Ga kuma tsofaffin sojoji da leburori. A 1913 aka yanka musu Sabon Gari. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a shekarun farko akwai Hausawa da Nufawa masu yawa a cikinta. Inyamurai ba su yi rinjaye ba sai bayan da layin dogo na gabas ya haɗu da na arewa, musamman bayan kammala gadar Makurɗi a 1932.

Dokar garuruwan bariki ta 1917 ita ce ta ɗaure wannan tsari. Ta kasa garuruwa aji uku. Legas kaɗai ce a aji na ɗaya, Kano da Zariya da Kaduna suna cikin na biyu. Garin bariki yana da ɓangaren Turawa, da ɓangaren kantuna da tasha, da ɓangaren baƙar fata, sannan tsakanin mazaunin Turawa da duk wani mazaunin baƙar fata dole a bar fili mai faɗin yadi 440, rubu'in mil ke nan, kimanin mita 400, wanda ba a yarda kowa ya gina gidan kwana a ciki ba. A jagororin da Lugga ya rubuta, gidan Bature zai samu zurfin yadi 100 da faɗin yadi 70 zuwa 100. Fulotin baƙar fata kuwa shi ne wanda har yau dillalai ke tallatawa, ƙafa 50 a ƙafa 100. In aka buga lissafi, mafi ƙanƙantar gidan Bature ya kai murabba'in ƙafa 63,000, na ɗan Sabon Gari 5,000. Ya ninka shi fiye da sau goma sha biyu, ga shi kuma a na farko mutum ɗaya ne da barorinsa, a na biyu iyalai ne ɗaki-ɗaki.

Hujjar yadi 440 ta lafiya ce. Tun da wani likita Bature mai suna Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka ɗauka cewa yaran baƙar fata su ne matattarar cutar, kuma sauro ba zai tsallake rubu'in mil ba. Aka ƙara da tsoron gobara da ƙarar ganguna da dare. Hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba tun a lokacin, domin kuku da boyi da mai gadi suna kwana a bayan gidan Baturen, a ɗakunan da aka gina musu, sauro kuma iska na kai shi nesa da yadi 440. Abin da filin ya yi a zahiri shi ne raba inda za a kashe kuɗi da inda ba za a kashe ba. Ɓangare ɗaya ya samu faffaɗan titi da itatuwa da magudanan ruwa, ɗayan ya samu duba-gari da tara. A garuruwa da dama irin wannan fili da aka hana gini a kai shi ne ya zama filin sukuwa da na folo da na golf, waɗanda su ne 'yan filayen shan iska da suka rage mana a yau.

Iyakar da ta fi tasiri ba ta sauro ba ce, ta shari'a ce. Wanda ke cikin yankin bariki ba ya ƙarƙashin Sarki, ba ya ƙarƙashin alƙali. Wani Bature ne ke mulkinsa, wanda Hausawa suka sa wa suna joji, shi ke raba fuloti, shi ke karɓar kuɗin ƙasa, shi ke yanke hukunci da dokar Ingila. Taku kaɗan daga nan, a Fagge, hukuncin Sarki da na alƙali ne ke aiki. Arewa tana cikin yankin da yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasa, amma a bariki ana ba da lasisi. An hana mishan wa'azi a cikin birni, aka ba su fili a waje, shi ya sa coci-coci da makarantunsu suka taru a Sabon Gari da kewayenta, har da asibitin ido da aka buɗe a 1943. Wannan rabo ya shiga harshenmu. Kalmar bariki asalinta mazaunin soja ce, amma da aka ce wane ɗan bariki ne, ko wance ta shiga bariki, kowa ya san ba maganar soja ake yi ba. Ana nufin wanda ya tsallaka inda idon mai unguwa da bulalar alƙali ba sa kaiwa. Dokar da ta haifi wannan ma'ana ta daɗe da mutuwa, ma'anar kuwa tana nan, kuma da ita har yau ake auna unguwar da dubban masu sana'a na halal ke kwana suna tashi.

Adalci ne a faɗi cewa ba Turawa kaɗai suka so wannan rabo ba. Sarakuna sun ga amfaninsa, domin ya nesanta mishan da giya daga cikin birni, ya kuma raba su da mutanen da ba za su durƙusa gaban alƙali ba. Su ma akawunan Sabon Gari sun fi son zama ƙarƙashin joji, kuma ba su yi murna da duk wani yunƙuri na mayar da su hannun En'e, wato hukumar Sarki, ba. Kowane ɓangare ya samu abin da yake so a lokacin, kuɗin da aka biya kuwa shi ne tasowar zuri'a biyu a gari ɗaya, ba makaranta ɗaya, ba kotu ɗaya, ba su haɗuwa sai a kasuwa. Irin wannan ne aka yi wa Hausawa a Kudu, inda aka ware musu Sabo a Ibadan a 1916. Wanda ya ji zafin a kira jikan Bahaushe baƙo a Sabo ya kamata ya gane abin da jikan akawun 1913 yake ji a Kano.

Sauran unguwannin waje kowacce da gurbinta a wannan lissafi. Fagge ta girmi zuwan Turawa, masaukin ayarin raƙuma ce a bakin birni, kuma ta ci gaba da zama ƙarƙashin Sarki. Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, ba a ɗauke su Turawa ba, ba a kuma ɗauke su 'yan ƙasa ba, sai aka ba su wuri tsakanin Fagge da kantunan Turawa, inda ya zama Kantin Kwari. Tudun Wada da Gwagwarwa suka ɗauki 'yan Arewa da ba Kanawa ba, tsofaffin sojoji da leburori. Kasuwanci dai bai taɓa girmama waɗannan layuka ba. Alhassan Ɗantata a cikin gari yake zaune, amma gyaɗarsa a tashar waje ake loda ta.

Titunan Sabon Gari su kansu kundin tarihi ne: Abeokuta, Ijebu, Warri, Aba, Enugu, Freetown, Gold Coast, Zungeru. Titin France ba don ƙasar Faransa aka sa masa suna ba, sunan wani mutum ne da ya shugabanci unguwar, haka ma Ballat Hughes. Duk lokacin da aka sauya wa irin waɗannan tituna suna ba tare da an ajiye tsohon a rubuce ba, an yage shafi ɗaya daga shaidar wanda ya zauna ina, kuma an ƙara wa masu binciken takardun fili wahala, domin tsohuwar takarda da tsohon suna take magana.

A 1940, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka cire Sabon Gari daga hannun joji aka mayar da ita ƙarƙashin En'e ta Kano. A doka iyakar ta goge ke nan. Shekara goma sha uku bayan haka, a watan Mayu na 1953, da rikicin siyasar neman 'yancin kai ya ɓarke, a daidai kan layin da ya raba Fagge da Sabon Gari aka yi artabu, kuma alƙaluman hukuma sun nuna mutum 36 sun rasu. A yau unguwannin biyu suna ƙaramar hukuma ɗaya, ta Fagge, suna zaɓen shugaba ɗaya. Duk da haka, da an ji ƙishin-ƙishin na tashin hankali, kowa ya san gefen titin da zai gudu.

Inda tsohuwar iyakar ta fi cizo a yau shi ne takardun fili. Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya duk ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ta kuma ƙirƙiro takardar izinin zama mai wa'adi da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta gaji wannan, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa shi a Najeriya baki ɗaya. Sai aka wayi gari da tsari biyu a gari ɗaya. A waje fili yana da lamba, da taswira, da fayil a ma'aikata. A cikin gari gida gado ne, shaidarsa maƙwabta da mai unguwa da takardar rabon gado ta alƙali. Mai gidan da kakanninsa suka shekara ɗari biyu a ciki ba zai iya kai shi banki jingina ba, wanda aka ba fuloti jiya kuwa zai iya. A dokar 1978 gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni, kuma da an ja wannan layi ya haɗiye ƙauye, ikon ba da fili ya bar hannun ƙaramar hukuma ya koma nasa. Idan aka karɓe gona don amfanin jama'a, diyyar ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko shuka ko itace, ba ta ƙasar kanta ba. Manoman Kumbotso da Ungogo suna fuskantar irin layin da manoman gabas da badala suka fuskanta sama da shekara ɗari da suka wuce.

Akwai kuma matsalolin awo da ke kai maƙwabta kotu ba tare da ɗayansu ya yi niyyar cuta ba. Ƙafa 50 a 100 daidai take da mita 15.24 a 30.48, wato murabba'in mita 464 da rabi. Dillali da magini sukan taƙaita su ce 15 a 30, wato 450. Bambancin santimita 24 a faɗin fuloti ɗaya kamar ba komai ba ne, amma a jerin fuloti 20 ya kusa mita 5, kuma a kan na ƙarshe a layin ko a kan hanya yake faɗawa. Tsofaffin taswirori an auna su ne daga ma'aunin Minna, wato tsarin awon ƙasa na Najeriya da aka kafa tushensa a Minna, na'urar GPS da wayar hannu kuwa da ma'aunin duniya suke aiki. Safiyon da ya ɗora sabon awo a kan tsohuwar taswira bai juya lissafin ba zai iya gusar da fili gwamman mitoci, ya ɗora gidan wani a kan na wani a takarda. Turakun siminti masu lamba da aka binne a kusurwoyi, waɗanda su ne alƙalan gaskiya, yawancinsu an tone su wajen haƙa harsashi ko kwata, ko an binne su a ƙarƙashin daɓe.

A tsarin Sabon Gari na asali akwai siririn lungu a bayan kowane jerin gidaje, wanda masu kwasar bahaya ke bi da dare a zamanin bokiti. Da aka daina bokiti sai masu gidaje suka riƙa cinye lungun da ɗaki ko shago. Ta nan ruwan sama ke fita, ta nan ya kamata bututu da waya su bi, ta nan kuma mutum zai tsira in wuta ta tare ƙofar gaba. Unguwar da aka yanka wa 'yan dubbai yanzu tana ɗauke da benaye a kan fulotin da aka auna don gidan ƙasa, kuma gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta nuna abin da cunkoso da toshe hanya ke jawowa.

Rusau ɗin da aka yi a 2023, a Filin Sukuwa da Filin Idi da wasu wurare, ya raba kan jama'a gida biyu. Wasu suka ce filayen al'umma ne aka ƙwato, wasu suka ce da takardun gwamnati a hannunsu suka yi gini. Abin da ya fi damuna shi ne duka ɓangarorin suna jayayya a kan taswirar da jama'a ba su da hanyar gani. Ina iyakar Filin Idi take a takarda? Mita nawa aka ce a bari daga gindin badala, wadda tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO? Waɗanne kududdufai ne aka ware don tara ruwan sama, waɗanda cike su ke sa unguwanni ambaliya duk damina? Muddin amsar tana cikin fayil a durowar ofis, kowace gwamnati za ta iya yanka, mai bi mata ta rushe, asarar kuma ta faɗa kan wanda ya saya da wanda ya kama hayar shago.

Takardun ba su ɓace duka ba. Fayilolin lardin Kano suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, akwai wasu a Gidan Ɗan Hausa da Gidan Arewa, ga tsofaffin zanen unguwanni a ma'aikatar ƙasa da safiyo, ga kuma tsarin raya Kano na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya shirya. Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin jiha ba. A ɗauki hoton kowace taswira da inganci, a nemo wuraren da ba su gusa ba kamar ƙofofin gari da gadojin reluwe da turakun da suka tsira, a auna su da na'urar zamani, a yi amfani da su wajen ɗora tsohuwar taswira daidai a kan hoton tauraron ɗan'adam na yau. Daga nan a sa sakamakon a intanet kyauta, a kuma buga na kowace unguwa a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar mai unguwa, da bayani cikin Hausa da Turanci. Duk filin da ya fito a matsayin na al'umma, makabarta ko filin idi ko filin wasa ko kududdufi ko gefen badala, majalisar jiha ta lissafa shi a doka da lambobin kusurwoyinsa, yadda ba za a iya sauya masa amfani da sa hannun mutum ɗaya ba.

Za a ce fito da taswirorin zai tayar da ƙura, domin zai nuna gidaje da shaguna da yawa a kan hanya da lungu suke. Haka ne, kuma ba duka za a rushe ba. Inda ginin bai tare ruwa ko hanyar motar kashe gobara ba, a daidaita takardarsa, mai shi ya biya abin da aka yanka. Inda ya tare, a ba shi wa'adi da diyya idan hukuma ce ta ba shi izini tun farko. Gidajen gado na cikin gari kuma a yi musu rajista unguwa-unguwa, safiyo da mai unguwa da maƙwabta a tsaye, a kan kuɗin da talaka zai iya biya, maimakon a jira kowa ya bi layin ma'aikata shi kaɗai. Wurin da ya fi dacewa a fara gwaji shi ne mazaɓu biyu na Sabon Gari da Fagge da ke maƙwabtaka da su, domin a nan ne tsohon zanen yake da lambobi, a nan ne kuma layin joji ya bi.